Bitar garin da ake sayarwa domin dawo da baƙin gashin kare

A shagunan sayar da kayan dabbobi na manyan birane, da kuma shafukan 'yan kasuwa a Instagram da Facebook, ana samun wani gari da ake barbaɗawa a kan abincin kare, wanda masu sayar da shi ke cewa yana mayar da gashin baƙin kare yadda yake idan ya soma komawa ja. Kamfanoni da dama ne ke yin sa, galibinsu a Turai, inda masu kai karnuka gasar nuna kyau suka daɗe suna damuwa da wannan matsala, tunda launin gashi yana cikin abubuwan da alƙalan gasar ke dubawa. Sunayen sun bambanta, amma abin da ke cikin robar kusan ɗaya ne: sinadarin tayirosin, da jan ƙarfe, da zink, da biyotin, sai kuma garin ciyawar teku. Na sayi irin wannan gari na ba karen gidana, baƙin Labrador, tun daga ƙarshen damina har hunturu ya yi nisa. Hukuncina shi ne garin yana aiki, amma a kan nau'i ɗaya kawai daga cikin nau'o'in jan gashi, kuma mutane da yawa da ke sayen sa ba wannan nau'in ne ke damun karnukansu ba.

Robar da na saya tana da murfi mai kyau da ƙaramin cokalin awo a ciki. Garin launin toka ne mai ɗan ratsin kore, yana da ƙarni irin na busasshen kifi, kuma daga ciyawar tekun ne ƙarnin ke fitowa. Karen bai ƙi shi ba ko kaɗan, abin da ba zai ba duk wanda ya san Labrador mamaki ba, domin da wuya ya bar wani abu a kwano. Mai kare mai tsirfa wajen ci zai fi samun sauƙi idan ya cakuɗa garin da romo ko ɗan man kifi. Kada a zuba shi a ruwan sha, saboda tayirosin ba ya narkewa a ruwa sosai, zai kwanta ne a gindin kwano a zubar da shi tare da sauran ruwan. Da laimar ƙarshen damina garin ya ɗan dunƙule, sai da na riƙa murje shi da bayan cokali, amma da iskar hunturu ta shigo wannan ya wuce.

Domin a yi wa garin adalci, dole ne a fahimci inda baƙin gashi ke fitowa. A gindin kowane silin gashi, can cikin fata, akwai ƙwayoyin halitta da ke haɗa launin da ake kira melanin, su zuba shi cikin gashin yayin da yake tsirowa. Melanin ɗin iri biyu ne: yumelanin, wanda ke ba da baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, da fiyomelanin, wanda ke ba da ja da rawaya. Dukansu daga tayirosin ake ƙera su, shi kuma tayirosin ɗaya ne daga cikin tubalan furotin, jiki yana samun sa kai tsaye daga abinci ko kuma hanta ta juya wani tubalin furotin mai suna fenilalanin ya zama shi. Matakin farko na wannan aiki yana hannun wani enzayim, wato sinadarin da ke tafiyar da aikin, mai suna tayirosines, wanda ba ya motsi sai da jan ƙarfe a jikinsa. Idan tayirosin ya wadata, baƙin kare yana cika gashinsa da yumelanin. Idan ya yi ƙaranci, baƙin da ke shiga gashin sai ya ragu, jan da ke ƙarƙashi ya bayyana, a ga kare ya koma launin tsatsa, musamman idan ya tsaya a rana. Abin lura a nan shi ne jiki yana buƙatar tayirosin domin wasu ayyuka da suka fi launi muhimmanci, kamar haɗa sinadarin tayirod (wata gaɓa ce da ke wuya) da adirenalin da dofamin, don haka kare zai iya kasancewa cikin ƙoshin lafiya, yana girma yadda ya kamata, amma abin da ya rage wa gashi bai isa ya yi baƙi wuluk ba.

Wannan ba zancen 'yan talla ba ne. A 2001 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis sun nuna cewa baƙaƙen kyanwoyi suna komawa ja-ja idan aka rage musu tayirosin a abinci, kuma baƙin yana dawowa idan aka ƙara. Littafin buƙatun abincin karnuka da kyanwoyi da majalisar bincike ta Amurka, NRC, ta fitar a 2006 ya yarda cewa adadin fenilalanin da tayirosin da ake buƙata domin cikakken baƙin gashi ya fi wanda ake buƙata domin girma kawai. A 2018 kuma an buga wani bincike da aka yi a kan manyan baƙaƙen Labrador na tsawon makonni 24, inda waɗanda aka ƙara wa tayirosin suka fitar da gashi mafi duhu da ƙarancin ja idan aka kwatanta da sauran. Yana da kyau mai karatu ya san cewa masu binciken na ƙarshe suna da alaƙa da kamfanin abincin dabbobi na Royal Canin, wanda shi ma yana sayar da abinci, sai dai sakamakon nasu ya yi daidai da abin da aka riga aka gani a kyanwoyi, kuma ya dace da abin da aka sani game da yadda ake haɗa melanin. Saboda haka ginshiƙin da garin ya tsaya a kai mai ƙarfi ne. Inda aka zarce gona da iri shi ne alƙawarin da ke jikin robar, wanda ke nuna kamar duk wani jan gashi zai gushe, kuma cikin 'yan makonni.

Karen nawa ya soma ja ne a gadon baya da kafaɗu da gefen cinyoyi, bayan wani lokaci da tsadar abincin buhu ta sa aka koma haɗa masa rabin abincinsa da shinkafa da ragowar tuwo. Kafin in soma ba shi garin, likitan dabbobi ya duba fatarsa da kashinsa da jininsa, bai ga tsutsar ciki ko ciwon fata ko matsalar hanta ba, sannan ya ba da wata shawara da nake ganin ta fi garin kansa daraja. Ya ce a aske ɗan wuri kaɗan a gefen haƙarƙari, a ɗauki hotonsa a inuwa, a riƙa kallon gashin da zai tsiro a wurin. Dalili kuwa shi ne gashin da ya riga ya fito daga fata matacce ne, babu jini ko abinci da ke isa gare shi, don haka babu wani gari ko ƙwaya da za su canza masa launi. Abin da kawai za a iya gyarawa shi ne gashin da bai tsiro ba tukuna.

Sabon gashin da ya fito a wurin askin baƙi ne sosai, kuma da aka jera shi da tsohon da ke kewaye da shi bambancin a fili yake, har wanda bai san ana gwaji ba zai gani. Sauran jikin kuwa ya ɗauki watanni, domin sai da karen ya zubar da tsohon gashi sannan jan kafaɗu da na cinyoyi ya ragu. Wanda ya sayi roba ɗaya yana jiran ya ga canji kafin ta ƙare zai ce an cuce shi, alhali kuwa tsarin tsirowar gashi ne haka. Yawancin jinsunan karnuka gashinsu yana daɗewa a jiki ba ya girma kafin ya zube, ba kamar gashin kan mutum da ke ta tsawo ba. Ya kamata kamfanin ya faɗi wannan ƙarara a jikin robar, amma bai faɗa ba, kuma wannan ne laifinsa na farko a wurina. Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye ba: a daidai lokacin da aka soma garin, an kuma ƙara wa karen dafaffen ƙwai da kifi bisa shawarar likita, saboda haka ba duka yabon ne ya kamata ya tafi ga garin ba.

Gadon bayan karen bai taɓa komawa baƙi kamar cikinsa ba, kuma a nan ne iyakar garin ta fito fili. Rana tana koɗar da melanin kamar yadda take koɗar da baƙin yadin da ake shanyawa kullum a igiya, kuma yumelanin idan ya koɗe ja-ja yake komawa. Karen gadi da ke wuni a tsakar gida a ranar bazara ta Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba zai riƙe baƙinsa kamar karen da ke kwana a ɗaki a Jamus ba, ko da buhu guda na tayirosin aka ba shi. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce. A buɗa gashin da yatsu a duba: idan bakin gashin ne ja amma gindinsa baƙi, kuma jan yana saman jiki inda rana ke duka, ciki da hammata suna nan da baƙinsu, to aikin rana ne, maganinsa rumfa da taje tsohon gashi. Idan kuwa jan ya kai har gindi, kuma ya bazu har inda rana ba ta kaiwa, sai a soma zargin abinci. A lokacin hunturu ma akwai abin da ya fi wannan sauƙi, wato jar ƙura, wadda farin tsumma mai laima ke tona mata asiri nan take. Wanka da sabulun wanki ko garin omo, wanda mutane da yawa ke yi wa karnuka, yana busar da gashi ya sa ya dusashe, shi ma ba abin da garin zai yi a kai.

Nau'in da ya fi damuna shi ne jan da ke fitowa a ƙafafu, da tsakanin yatsu, da gefen baki, da ƙasan ido, da gindin wutsiya. Wannan ba ƙarancin launi ba ne, tabo ne. Yawu da hawayen kare suna ɗauke da sinadarin fofirin, wanda jiki ke fitarwa, kuma yana barin jan tabo a gashin da ya daɗe yana jiƙewa da shi. A farin kare abin a bayyane yake, a baƙin kare kuwa sai ya yi kama da koɗewa. Kare ba ya lasar ƙafarsa dare da rana haka kawai. Ko dai ƙuma ce ko kaska, ko ƙaiƙayin da wani abinci ko ciyawa ke tayar masa, ko ciwo a gaɓa, ko kuma ƙwayar yis mai suna Malassezia, wadda ke barin jan maiƙo mai wari a tsakanin yatsu da cikin kunne. Wanda ya ga irin wannan ya je ya sayi gari ya yi ta barbaɗawa, ya ɓata kuɗinsa kuma ya bar cuta tana ci. Haka nan idan jan gashi ya zo tare da zubewar gashi a ɓangarori biyu na jiki, da ƙiba ba dalili, da kasala, ko yawan shan ruwa da fitsari, likita zai so ya gwada tayirod ko ya binciki cutar Cushing, wato yawan sinadarin kotisol a jiki. A robar da na saya, babu layi ko ɗaya da ya ja hankalin mai saye ga waɗannan abubuwa. A yi hattara kuma da magungunan da ake tallatawa domin goge tabon hawaye, domin a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi wasu kamfanoni kan sayar da irinsu masu ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta na tayilosin (daban yake da tayirosin) ba tare da amincewarta ba.

Akwai kuma karnukan da haka Allah Ya halicce su, baƙinsu yana da jan ruwa a ciki tun suna ƙanana, da kwiyakwiyan da gashin ƙuruciya ke yi musu ja kafin ya zube. Su babu abin gyarawa.

Sai batun jan ƙarfe, wanda shi ne dalilin da ya sa ba zan ce kowa ya saya ba. Gaskiya ne ƙarancinsa yana dusashe gashi, tunda tayirosines ba ya aiki sai da shi, kuma yawan zink ko ayon (sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini) a abinci yana hana hanji tsotse shi, abin da kan faru ga masu jibga wa kare ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin barkatai. Amma jan ƙarfe a hanta yake taruwa, kuma akwai jinsunan da hantarsu ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Bedlington terrier ne ya fi shahara da wannan, saboda lahani a ƙwayar gado ta COMMD1, amma Labrador da Doberman da Dalmatian da West Highland White terrier duk suna cikin waɗanda aka san suna kamuwa da kumburin hanta mai nasaba da jan ƙarfe. Labrador da Doberman kuwa suna cikin baƙaƙen karnukan da aka fi saya wa wannan gari. Cutar tana ci a ɓoye, sau da yawa ba a ganin alama sai hanta ta lalace sosai. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ta sa mafi ƙarancin jan ƙarfe a abincin babban kare miligiram 7.3 a kowane kilo na busasshen abinci, a Tarayyar Turai kuma iyakar sama tana kusan miligiram 28. Ma'ana, duk karen da ke cin cikakken abincin buhu ya riga ya sami abin da yake buƙata, sau da yawa har da ƙari. A robar da na saya an rubuta cewa akwai jan ƙarfe, amma an ba da adadinsa ne a kowane kilo na garin, aka bar mai saye da lissafin nawa ne ke cikin cokali guda da kuma nawa zai zama idan aka haɗa da na abincin. Ba kowa ne zai zauna ya yi wannan lissafi ba. Ni da likitan muka yi shi, aka kuma sake gwajin hanta a tsakiyar lokacin, sakamakon ya fito lafiya, amma kuɗin gwajin ma ya kamata a lissafa shi a cikin farashin garin.

Ciyawar teku kuma, a ganina, al'ada ce kawai ta sa ake zuba ta. Masu kiwon karnuka a Ingila sun daɗe suna ba da ita domin ƙara duhun gashi da na hanci, amma abin da aka tabbatar tana ɗauke da shi da yawa shi ne ayodin, kuma adadinsa yana bambanta ƙwarai daga wannan girbi zuwa wancan. Yawan ayodin yana iya rikita aikin tayirod kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Da an tambaye ni, da na ce a cire ta, ko aƙalla a rubuta adadin ayodin ɗin a fili. Biyotin da zink suna da amfani ga lafiyar fata, amma ba su ne ke mayar da baƙi ba. Daga irin waɗannan tsofaffin zantuka ne kuma aka samo cewa wai ɓawon gwozar sukari da ke cikin abincin buhu yana sa gashi ja, alhali abin da ake zubawa a abincin ba ja ba ne ma, toka-toka ne.

Ta fuskar kuɗi, garin yana da tsada, kasancewar daga waje ake shigo da shi kuma farashinsa yana bin dala. Babban kare yana cinye roba ɗaya da wuri, kuma tunda sai an yi watanni kafin a ga sakamako, ba roba ɗaya za a saya ba. Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ya danganta da abin da karen ke ci. AAFCO ta sa mafi ƙarancin fenilalanin da tayirosin a haɗe kashi 0.74 cikin 100 na busasshen abincin babban kare, da kashi 1.30 ga mai tasowa, kuma abinci mai wadataccen nama yana wuce wannan nesa ba kusa ba. Karen da aka dogara masa da tuwo da shinkafa da ƙanzo, matsalarsa ba tayirosin kaɗai ba ce, furotin ne gaba ɗaya ya yi masa ƙaranci, jan gashin kuwa alama ce da ta fara bayyana. Ba shi gari domin gashi ya yi baƙi a bar sauran jiki da yunwa ba dabara ba ce. Kuɗin roba ɗaya zai sayi ƙwai da kifi da kayan ciki masu yawa, kuma dukansu suna ɗauke da tayirosin da fenilalanin. A dafa ƙwan, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da biyotin. Hantar saniya tana da jan ƙarfe da bitamin A da yawa, don haka kaɗan ake bayarwa, ba kullum ba, kuma a ƙara taka-tsantsan idan Labrador ne ko Doberman. Ragowar abincin gida kuma a tabbata babu albasa ko tafarnuwa a ciki, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Wanda garin ya dace da shi shi ne mai baƙin kare da likita ya tabbatar lafiyarsa lau, yana da inuwa, ba ya lasar jiki, yana cin abinci mai kyau, amma duk da haka gashinsa yana fitowa da ja tun daga gindi. Ya dace kuma da masu kiwo domin sayarwa ko gasa, musamman ga manyan jinsuna masu dogon gashi irin su Newfoundland a lokacin da suke tasowa. Ko a wannan hali, zan fi son a nemi tsantsar tayirosin wanda ba a haɗa shi da jan ƙarfe da ciyawar teku ba, likita ya yanke adadin gwargwadon nauyin karen, ko kuma a koma abincin buhu da aka tsara domin karnuka masu duhun gashi, irin wanda kamfanin Nature's Protection na ƙasar Lithuwaniya ke yi, inda an riga an daidaita sinadaran wuri guda. Wanda ya nace sai haɗaɗɗen garin zai saya, ya duba ranar lalacewa da lambar rajistar NAFDAC, ya ƙi duk robar da ba ta faɗi adadin kowane sinadari ba, ya kuma sa a gwada hantar karen kafin a soma da kuma bayan an ɗan jima ana bayarwa. Ni dai da robar ƙarshe ta ƙare ban sake saye ba. An ci gaba da ƙwai da kifi, an faɗaɗa rumfar da karen ke kwanciya, kuma sabon gashin da ke fitowa har yanzu baƙi ne tun daga gindi.